Takardun da Suka Daina Bi ta Roni

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, kuma wanda ya tashi a gida irin namu ya san nauyin wannan magana. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa zama ta fuskance ni mun yi hira ba. Da aka yaye ni ɗakin kakata aka kai ni, a can na girma, gida ɗaya da matar da ta haife ni, amma in muka yi kiciɓis a tsakar gida sai ta kawar da kai kamar ta ga surukinta. In tana so a ba ni abinci, ƙanwata take ce wa, "A miƙa wa wancan." In na durƙusa na gaishe ta, takan amsa a taƙaice tana duban bango. Uwarta Bafulatana ce, kunyar dangin kuwa Inna ta kwashe ta kaf, ba ta rage wa 'yan uwanta komai ba. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, don a garinmu ba mai ɗaukarsa haka. Amma ina ƙarami, in na ga ƙannena sun haye cinyarta suna zuba mata shagwaɓa, akwai ranakun da nakan zagaya bayan rumbu in yi kukana in dawo.

Na girma na yi karatu, Allah ya ba ni aiki a wata ƙungiya da ke taimaka wa manoman gero da dawa da gyaɗa. Babban ofishinmu yana Kazaure, muna da ƙananan ofisoshi a Babura da Roni da Gwiwa. Ni Babura aka ajiye ni, a can na yi aure na tara iyali. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Ƙannena maza neman abinci ya watsa su kudu. Inna ta rage ita kaɗai a ƙauyenmu da ke bayan Roni, sai ƙanwata da ke aure a gidan da ya haɗa katanga da namu, ita ke wuni da ita.

Duk mako biyu muna haɗa rahoto guda na ofisoshin nan huɗu: inda ruwa ya sauka da inda ya yi jinkiri, irin da aka raba, inda tsutsa ta ɓulla, ƙorafin manoma. Kowane ofis da sashensa, kuma dole kowa ya duba nasa ya gyara kafin shugabanmu ya sa hannu. Da yake ni na fi ɗan iya kwamfuta, kuma ni ne ban iya cewa a'a ba, sai yawo da rahoton ya faɗo kaina. Ranar Laraba in yi sammako daga Babura a motar haya, in isa Kazaure in fitar da daftarin a firinta, in ɗauki babur ɗin ofis in nufi Roni. Jami'in Roni ya yi masa ado da jan biro, in naɗe in wuce Gwiwa, can ma a yi masa nasu, sannan in dawo Kazaure in zauna shigar da gyare-gyaren ɗaya bayan ɗaya. Shekara bakwai ina wannan zagaye.

Daga Roni in za ka Gwiwa a babur, akwai 'yar hanyar da ta ratsa gonaki ta bi ta ƙofar gidanmu. Ba ita ce mafi sauƙi ba, amma ita nake bi, kuma kullum azahar a can take riskata, ban san yadda ake yi ba.

Da na yi sallama, ƙanwata za ta ɗaga murya ta ce, "Inna, mai takardu ya iso." Inna kuma daga bakin madafi ta ce, "A ba shi ruwa, tafiya ce a gabansa." Sai a shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. In yi salla, in baje takarduna ina dubawa da fuskar mai aiki, alhali babu layin da ban riga na duba ba. Ita kuma ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta ba ni rabin baya, ta ɗauki ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, ta shiga yi wa ƙanwata hira da muryar da za a ji har zaure. Akuya ta haifi biyu. Rijiyar unguwa ta ja baya. Ƙafar nan ta hana ta sakat shekaranjiya. Labaran da ƙanwata ta fi kowa sani, su ake ba ta.

Ni ma in zan amsa, ƙanwata nake duba. "Ki ce mata maganin nan sai an ci abinci ake sha." Inna ta ce, "Ki ce an ji. Ki tambaya ko mai zazzaɓin nan ta warware," tana nufin 'yata ta biyu. Ƙanwata, wadda bakinta ba ya ajiya, takan ce, "Ni dai na ga ta kaina, na zama tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushiya." Inna ta jefe ta da ɓawon gyaɗa. A kawo mini dambun gero da zogale, an zuba masa man gyaɗa har yana ƙyalli, Inna na faɗa wa iska cewa ita dai yau da sha'awar dambu ta tashi. Shekara bakwai, duk Larabar da takardu za su wuce sai sha'awar dambu ta kama ta.

Awa guda nake yi, wani lokaci da 'yan mintoci. Ita ke nan hirata da uwata, kuma ta ishe ni. Nakan lura da yadda take jan kujerar nan kaɗan-kaɗan zuwa inuwar da nake, wai rana ce ke korarta.

Sau ɗaya na taɓa gwada zuwa haka kawai. Wata Asabar na sa manyan kaya na zo, ba jaka ba takarda. Ƙanwata ta tambaye ni ko lafiya, na ce Inna na zo gayarwa. Maganar ta shiga kunnenta. Kafin a shimfiɗa tabarma ta yafa mayafi, ta ce akwai barkar haihuwa da ba ta je ba a ƙarshen gari. Na zauna ni da awaki har la'asar sakaliya. Daga baya ƙanwata ta ce ko minti goma ban yi da tafiya ba ta dawo. Tun ranar na fahimci cewa takardun nan su ne labulen da ke ba mu damar zama wuri ɗaya. In babu su ba ta iya tsayawa, ni ma ban san inda zan ajiye idona ba.

Kada in yi wa tafiyar nan kwalliyar da ba tata ba. Wahala ce. Ruwa ya taɓa kama ni tsakanin Roni da Gwiwa, jan biron jami'in Roni ya narke a kan takarda, ba a iya karanta ko layi ɗaya. Yashi ya taɓa kayar da ni, har yau kafaɗata na tuna mini in gari ya yi sanyi. Da muka koma yawo da fayil a filashi maimakon takarda, bairos, cutar nan ta kwamfuta, ya cinye mana rahoto ranar da za a aika shi. Ga rikicin suna: wannan fayil "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe gyararre", wani kuma "na ƙarshe na gaskiya", har wata rana shugaba ya sa hannu a kan wanda ba shi ba, muka sha faɗa kamar yara. In na koma gida, matata sai ta gasa mini baya da ruwan zafi.

Ana nan sai aka tura ni wani taron bita na kwana uku a Kano. A can na ga abin da ya tsaya mini a rai. Mai koyarwa ya buɗe takarda a cikin burauza, manhajar nan da ake shiga intanet da ita, ya ce mu huɗu mu buɗe ta a kwamfutocinmu. Takarda ɗaya tak, ba a kwamfutar kowa take ba, amma kowa na ganinta, kowa na rubutu a ciki, abin da na goge a nan yana gogewa a gaban na can a lokaci guda. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Tun a motar dawowa na fara tsara jawabin da zan yi.

Aka kira taro a Kazaure, a ɗakin shugaba, fanka na juyawa da ƙyar. Tambaya ɗaya ce a gabanmu: mu koma gyara takardun ofis daga nesa ta burauza, ko mu ci gaba da yawo da su? Na miƙe na yi ta zuba. Na kawo ruwan sama, na kawo bairos, na kawo kafaɗata. Na ce aikin yini guda zai koma na awa biyu. Matasan ofis suna ta gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, jami'inmu na Gwiwa, dattijo mai farin gemu da ya fara aikin malamin gona tun ina firamare. Baba muke ce masa. Ya bari na gama, ya gyara hula, ya dubi shugaba ya ce, "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Takardar nan, in an tashi aiki, a ina take kwana?"

Na ce, "Baba, a intanet take."

"To, ni ban san unguwar ba. Na san durowa, na san makulli. In na rubuta magana da safe, wani a Babura ya juya ta da rana, ran da aka zo tuhuma wa za a kama?"

Na ce ai tana ajiye sunan duk wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa. Ya ce sabis ɗin Gwiwa fa, da sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa? Na ce an kafa sabon ƙarfen sabis, kuma shi ma ya sani. Aka yi dariya. Ya jira ta lafa.

"Akwai abin da nake gaya wa yaron nan in ya kawo takarda, wanda ba na rubutawa," in ji shi. "Wane mai unguwa ne ke fushi da mu, wane manomi ne ya karɓi iri ya dafa saboda yunwa. Wannan ba ya shiga rahoto, amma da shi ake aiki. In ya daina zuwa, wa zan gaya wa?"

Na ce, "Baba, ai akwai waya."

Sai ya juyo ya dube ni sosai. Ya san gidanmu, ya taɓa rako ni ya ci dambun Inna, ya ga yadda muke zama. Ya ce a hankali, "Kai da za ka fi kowa rashi, kai ne kake wannan kumfar baki?"

Na gane abin da yake nufi sarai. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ban gane ba. Amma ina tsaye a gaban mutane, nasara na hannuna, sai na basar, na yi murmushi na ce rashin ciwon baya ai ba rashi ba ne. Aka sake dariya. A zuciyata na ce Roni ba Makka ba ce, duk ran da na so zan je. Shugaba ya ce a gwada daga farkon damina.

Abin ya yi, kuma har gobe ba zan ce bai yi ba. Ranar Laraba sai in zauna a ofishina na Babura da kofin shayi, in buɗe burauza, in ga mutanen Roni da Gwiwa da Kazaure sun shigo, kowa da 'yar alamarsa mai launi tana tafiya a kan shafi. Ta Baba ruwan ɗorawa ce. Da yatsa ɗaya yake bugawa, harafi ya fito, ka kurɓi shayi, sannan wani ya biyo. Amma ya koya, bai ƙara ƙorafi ba. Ba a sake sa hannu a kan takardar da ba ita ba. Kafin azahar mun gama. Shugaba ya yaba mini a gaban kowa, har wasu ofisoshi suka aiko in je in koya musu. Na yi ƙiba a daminar nan.

Zagaye biyu suka wuce ban je ba, sai ƙanwata ta kira ni. Inna ba ta magana da ni a waya, sai dai ta zauna kusa a riƙa isar da saƙo. Bayan gaisuwa ƙanwata ta ce, "Yaya, Inna ta ce a tambaya, takardun sun daina bi ta nan ne?"

Na shiga yi mata bayani ina jin daɗin bakina: yanzu takarda ba ta tafiya, daga zaune ake gyara ta, mutum yana Babura yana rubutu a Gwiwa. Na ji ƙanwata tana maimaitawa. Can daga nesa na jiyo muryar Inna ta ce, "To, madalla. An huta da rana."

Na san ba takardu take tambaya ba. Na ce wa ƙanwata ina nan tafe ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo da ɗaurin auren abokin aiki. Na gaba ya zo da noman gonata, na bayansa yarinya ba lafiya. Babu ɗaya a cikinsu da yake ƙarya, kuma babu ɗaya da ya isa ya hana ɗa zuwa wurin uwarsa. Gaskiyar ita ce, duk lokacin da na yi niyya sai Asabar ɗin nan ta faɗo mini a rai, in ga kaina zaune da awaki, in ce bari dai wani dalili ya taso. Na zauna jiran dalili, ni da na rushe wanda nake da shi da bakina. Na riƙa aika atamfa da magani da shinkafa a motar kasuwa, ina jin na sauke nauyi.

Ta sake sa a tambaya sau ɗaya, wajen kaka, ko an canza wa takardun hanya ne. Daga nan ba ta ƙara ba.

A shekarar nan sau biyu na gan ta, ƙaramar salla da babba, gida cike da ƙanne da matansu da jikoki, ba wurin da kujera za ta matso. A babbar sallar, da na durƙusa gaishe ta, sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ta daɗe tana duba. Tun da nake ba ta taɓa yi mini haka ba. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce Inna ta fara mantuwa, tana ajiye abu ta rasa, tana tambayar abu ɗaya sau uku. Na ce tsufa ne, kowa zai je can. Na koma Babura ina murnar kallon nan, har na gaya wa matata cewa shekaru sun fara sassauta wa Inna kunya.

Da bazara ta zagayo, wata safiya ƙanwata ta kira tana kuka. An tsinci Inna a bakin titin Roni ba takalmi, wai abinci za ta kai wa mahaifinmu gona, mutumin da ya shekara goma sha biyar a ƙasa. Wani ɗan acaɓa da ya san ta ne ya dawo da ita.

Na bar komai na hau mota. Ranar rahoto ce, muna cikin tafiya shugaba ya kira ya ce sashena bai cika ba. Na ciro waya, na buɗe burauza, na gyara sashen a kan cinyata, tsakanin buhun barkono da wata mata mai kaji. Na gama kafin mu kai Kazaure. Ina mayar da wayar aljihu sai abin ya daki ƙirjina. Aikin da na yi a cikin motar haya, ai da na yi shi a gindin darbejiyarmu, inda sabis ke kamawa, da shi ma ake kirana. Shekara guda cur aikin nan yana iya bina duk inda na sa ƙafa. Da na ɗauki kwamfuta duk Laraba na tafi Roni na buɗe ta a kan tabarma, da Inna ta ga mai aiki ta jawo kujerarta. Abin da na kawo ofis bai hana ni zuwa ba, sauƙaƙa mini ma ya yi. Ni ne ban taɓa yin tunanin ba, don na sami wurin zama mai daɗi. Na juya fuskata wajen taga don kada mai kajin ta ga hawayena.

Na same ta zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta rame, an ɗaure mata ƙafa inda ƙaya ta soke ta. Na yi sallama na durƙusa. Ta dube ni da fara'a, fuska a sake, ta ce, "Maraba da baƙo. Matso inuwa mana, ɗan nan, rana ta yi."

Muryarta ba ta taɓa nufo ni kai tsaye haka ba sai ran nan. Na matsa. Ta tambaye ni daga ina, na ce Babura. Ta ce, "Ikon Allah! Ina da wani nawa a can." Ƙanwata ta kasa daurewa ta ce, "Inna, ai shi ne. Naki ne na Babura." Inna ta dube ta, ta dube ni, fuskarta ta rikice. Ta ja mayafi ta rufe ido, ta fashe da kuka tana cewa don me ake yi mata haka a gaban baƙo. Ranar ko ruwa ba ta ƙara sha ba sai bayan na fita. Likitan da muka kai ta wurinsa ya ce mu daina matsa mata, abin da ya tafi ba ya dawowa da gardama. Daga nan muka daina faɗa mata.

Sai na koma zuwa duk mako da kwamfutata a jaka. In buɗe burauza a tsakar gida, alamomin abokan aiki suna yawo a kan shafi, Inna na gefena, ba rabin baya, ba tafinta. Kowane zuwa sabon baƙo ne ni, yau malamin gona, gobe mai allurar rigakafi. Ta yi mini hirar da na shekara arba'in ina marmari. Ta ba ni labarin zamanta a rugar kakanninta, da saniyar da ta taɓa bin ta har kan bishiya. Ashe Inna mai barkwanci ce, ashe tana kwaikwayon muryar mutane har ka riƙe ciki. Ƙannena sun san wannan tun suna yara, ni sai a lokacin na sani. Nakan yi dariya, in fita zaure in yi kuka, in wanke fuska in dawo. Na sami hirar, amma ba ni ake yi wa ba, kuma wannan ya fi mini shirun da ciwo.

Baba na Gwiwa ya zo dubiya sau ɗaya. Ya ga kwamfuta a buɗe, ya ga Inna tana ba ni labari. Na jira ya tuna mini maganarsa ta ranar taro, na ma so ya tuna, ko na ji sauƙi. Da na raka shi bakin babur ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya ba da lada, ya tafi. Har yau in matasan wasu ofisoshi suka tambaye ni ko su koma gyara takardu ta burauza, nakan ce su koma, aikin ya fi tsabta, kuma babu wanda ya cancanci faɗuwa a yashi saboda jan biro. Sai dai nakan ƙara da cewa kafin su soke wata tafiya, su duba wa ke zaune a bakin hanyar. Yawanci sukan ɗauka zancen tsufa ne, su yi murmushi.

Wata biyar muka yi a haka. Zuwana na ƙarshe da na same ta da rai, damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Jikinta ya yi rauni, a kwance take a ƙofar ɗaki, amma bakinta na nan. Na rufe kwamfuta na zauna kusa da ita. Ta tambaye ni daga ina, kamar kullum, na ce Babura.

"Babura," ta maimaita. "Ka san nawa na can? Dogo ne, aikin takardu yake yi."

Na ce na san shi.

"Yana lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Shi ne na fari," ta ce. Ta rage murya, ta waiga ko wani na ji. "Da ƙyanda ta kama shi yana ƙarami, kwana uku ban sa komai a bakina ba. Na kasa shiga inda yake saboda idon mutane, sai dai in wuce ta ƙofar in dawo, wai tsintsiya nake nema. Duk cikin 'ya'yana babu mai hankalinsa. An ce yanzu daga zaune yake aika takarda har Gwiwa, ka ji kai."

Na sunkuyar da kai ina duban tabarma.

"Ya daɗe bai biyo ta nan ba," ta ce. "Aiki ne ya yi masa yawa, na sani." Ta miƙo hannu ta kama bakin rigata, ta riƙe da ɗan ƙarfin da ya rage mata. "In ka koma ka gan shi, kada ka ce masa na yi cigiyarsa. Zai bar aikinsa ya taho, a yi masa faɗa. Ka ji ko, ɗan nan? Kada ka faɗa masa."

"Ni ne, Inna" ta zo har bakina, na haɗiye ta don kada in sa ta kuka. Na ce to, ba zan faɗa masa ba. Ta saki rigar, ta sa mini albarka, ta ce in gaida mutanen gida. Kwana huɗu bayan nan ta rasu, da hantsi, ina Babura.